Zama a Bakin Teku: Yadda Baƙo Zai Riƙa Sanin Abin da Gari Ke Ciki

Wani ɗan'uwa da ya taso daga Kumasi ya koma Elmina da zama, yana sarin bandar kifi yana aikawa arewa, ya aiko mini da kokensa. Ya ce kullum shi ne na ƙarshen jin labari. Kifi ya yi araha, sai an gama kwasa yake ji. An hana kiɗa a gari, bai sani ba sai da ya ɗauko mai lasifika ran sunan ɗansa aka zo aka tsayar da shi a gaban baƙinsa. Yana tambaya, shin mutanen garin ne ke ɓoye wa baƙo magana, ko kuwa shi ne bai iya nema ba?

Ƙanena, babu mai ɓoye maka komai. Labarin garin masunta a fili yake, illa dai ba a zango ake raba shi ba, kuma ba da tsakar rana ba. Mu mutanen zango muna da wani hali da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Sai mutum ya shekara goma a gari, daga gida sai masallaci sai rumfar kasuwa, ya ba teku baya. Abin da ya faru a Kano ko Yamai daren jiya yana cikin wayarsa, amma ka tambaye shi me ya hana jiragen garin fita shekaranjiya, sai ya ce maka oho. Alhali Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan gaɓa. Tun farkon shekarun 1870, da Turawan Holan suka miƙa Elmina ga Ingila, aka kawo dakarun Hausawa daga Legas aka girke su a nan, fatake da malamai suka biyo sahu. Zaman da ya yi wannan tsawo bai dace a ce har yau a bakin 'yan kallo muke jin labarin gari ba.

Fara da ranakun mako, domin rabin abin da kake kira labari abu ne mai zagayowa, wanda ɗan gari ya san da zuwansa tun bara. Ran Talata ba a shiga teku a Elmina, haka a Cape Coast da Moree da yawancin garuruwan Fanti da na Ga. Al'ada ce tun kaka da kakanni, wanda ya karya ta kuwa sai ya gurfana gaban sarkin masunta. Wasu garuruwan can yamma da gabas suna da tasu ranar dabam, saboda haka in ka sauya gari ka sake tambaya. Amma kada ka mai da Talata ranar barcinka. Ita ce ranar da ake samun mutane. An baza taru a ƙasa, kowa ya maƙale gefensa da babban yatsan ƙafa yana ɗinke inda ya yage, makaniki ya kwance injin jirgi a kan buhu, ana lissafin kuɗin mako, ana sasanta masu rigima. Mutumin da ran Laraba ba zai iya amsa maka gaisuwa ba saboda igiya na hannunsa, ran Talata zai matsa ya ba ka wurin zama. Ka je, ka zauna, ka yi ta sauraro. Kada ka fara da tambayar farashi. Ka tambayi lafiyar ruwa, ka tambayi waɗanda suka tafi ci-rani Kodebuwa ko Laberiya, sauran magana za ta zo da kanta.

Sai lissafin wata, kuma a nan kai ya kamata ka fi kowa, tunda da shi ka tashi kana duban azumi da salla. Masu zagaye ƙananan kifin nan da ake kira amane da taru sun fi samu a daren duhu, lokacin da ƙyallin garken kifin ke nunawa a cikin ruwa. In wata ya kai kwana 13 zuwa 16, farin wata ya game teku, galibi kamu yakan ja baya, farashi ya ɗaga. Mai sari da ya san haka yakan tanadi kuɗinsa ya jira ƙarshen wata da farkon sabo. Haka kuma teku na cika ta janye sau biyu tsakanin yini da dare, kowace rana tana jinkirtawa da kusan minti 50, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani in mun zo maganar ambaliya.

Kakar masunta daga Yuli ce zuwa Satumba. A lokacin ne ruwan sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku ɗauke da abincin kifi, amane ya matso kusa da gaɓa. Akwai ƙaramar kaka wajen Janairu, amma ba ta kama ƙafar babbar ba. In kaka ta yi kyau gari duk ya sani: hayaƙin banda ya turnuƙe unguwanni, itacen wuta ya yi tsada, motar kaya ta yi wuyar samu, masu bashi su fara biya. Ka kama direbanka da mai ba ka kwando tun watan Yuni. Sai dai duk dattijon da ka zauna da shi zai gaya maka kakar yanzu ba irin ta da ba ce. Jirage sun yi yawa, ga masu kamu da fitila, ga cinikin nan na saiko da manyan jirage suka yi ta kwashe ƙananan kifi suna daskararwa suna sayarwa a tsakiyar teku. Abin da ya sa gwamnati ta shigo da rufe teku ke nan.

Wannan rufewar ita ce labarin da ya fi taɓa aljihunka, kuma ita ce ba ta tsaya a wuri ɗaya ba. A 2018 an sa rana, masunta suka ƙi, aka ɗage. A 2019 aka rufe wa masu kwale-kwale daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni. A 2020 ba a yi ba saboda korona. Daga 2021 zuwa 2024 watan Yuli ne cur, manyan jirage kuma har ƙarshen Agusta. A 2025 aka ɗauke wa masu kwale-kwale, aka bar manyan jirage da nasu. Ka ga ke nan wanda ya dogara da abin da aka yi bara zai iya kwana a ciki. Da zarar watan Afrilu ya kama, ka kasa kunne ga sanarwar ma'aikatar kamun kifi, ka kuma tabbatar a bakin sarkin masunta. In za a rufe, ka cika rumbunka kafin ranar, ka duba bandarka kada ta yi ƙwari ko fumfuna. Kuma don Allah kada ka sa ranar karɓar bashi a cikin watan rufewa. Gidan da maigida bai shiga ruwa ba wata guda, abin da za a sa a tukunya ake nema. Wanda ka ɗaga wa ƙafa a wannan wata shi ne zai aiko yaro ya tashe ka ranar da jirginsa ya cika.

Yanzu ga abin da ya ba ka kunya ran suna. Bakatue shi ne babban bikin Elmina, ana yinsa Talatar farko ta watan Yuli, ranar da ake buɗe tafkin Benya, a jefa taru sau uku a gaban sarki, a yi tseren kwale-kwale, ran Asabar kuma a yi babban taron fada. Makonni kafin ranar akan kafa dokoki: ba a su a tafkin, ba kiɗa, ba hayaniya, ba bikin mutuwa. Cape Coast na da irin wannan kafin bikin Fetu Afahye, wanda ke faɗowa Asabar ɗin farko ta Satumba, mutanen Ga a Akra kuma suna hana kiɗa wajen Mayu zuwa Yuni kafin bikin Homowo. Ba wanda ya ce ka shiga tsafin kowa, kuma bai halatta gare ka ba. Amma rage lasifika ba shirka ba ne, haƙƙin maƙwabtaka ne. In kana da aure ko suna ko walima, kafin ka buga kati ka je wurin Sarkin Zango ka tambaye shi ko ranar ta faɗa cikin doka. In rasuwa ce ta faru a tsakanin, ka bar shi da liman su yi magana da fada a kan duk wani taro da zai biyo bayan jana'iza. Aikinsu ke nan, sun kuma san ƙofar da ake bi.

Mutanen da labari ke bi ta hannunsu ba su da yawa, ka san su da fuska. Na farko sarkin masunta, wanda Fanti ke kira Apofohene. Duk abin da ya shafi teku, daga jirgin da bai dawo ba har rigimar taru da saƙon gwamnati, a gabansa yake sauka. Ta biyu, kuma a sana'arka ta fi shi muhimmanci, ita ce Konkohemaa, shugabar mata masu cinikin kifi. Bisa al'ada ita ke daidaita farashi da jirgin da ya fara isowa, sauran ciniki ya bi wannan sawu. Ka gane tun wuri cewa a wannan gaɓa namiji ke kamo kifi, amma da ya taɓa tudu ya shiga hannun mata. Da yawansu su ke zuba kuɗin mai da guzurin tafiya, don haka kifin nasu ne tun yana cikin ruwa. Baƙon da ya tsallake su ya nufi jirgi kai tsaye da kuɗi a hannu ya sayi gaba da kuɗinsa. Ka je kasuwar Mpoben da sassafe, ko ka tsaya a kan gadar Benya ka ga jirage na shigowa, ka ƙirga nawa suka nutsa da nauyi nawa suka shigo a sama-sama. Sannan ka sauka ka gai da iyayen nan mata da ladabi, ka sami guda ɗaya ka riƙe ta amana. Ita ce jaridarka ta kullum.

Akwai kuma mai kuge, sanƙiran fada, da ke zagaya unguwanni yana bugawa yana shela. In ka ji shi, ka kashe rediyo ka tura yaro mai jin Fanti. Akwai lasifikan nan da ake ɗaurawa a kan dogon ƙarfe, masu fara magana tun kafin ka dawo daga sallar asuba. Na san suna damun mutane, kuma rabin abin da suke faɗa tallar maganin gargajiya ne. To amma a cikin sauran rabin ake faɗin wanda ya rasu, da yaron da ya ɓata, da ranar aikin gayya, da ranar rigakafi, da isowar man jirage. Gidajen rediyon yankin, irin su Ahomka FM da Benya FM a Elmina da ATL FM a Cape Coast, suna da shirye-shiryen masunta da harshen gari. Shi ya sa nake cewa koyon Fanti ba ado ba ne a gare ka, jari ne. Ko gaisuwa da ƙirge da sunayen kifi ka iya, ka wuce inda kake yau. Ka kuma karɓi lambar asambuliman, wato kansilan unguwarku, shi ke sanin zancen kwata da fitilar titi da rusau.

Kada ka wuce hotunan mamata da ake mannawa a bango ba ka karanta ba. Mutuwa babbar hidima ce a wurin Fanti, yawanci Juma'a zuwa Lahadi. In mai jirgi ne ko babbar 'yar kasuwa, sau da yawa mutanensu ba za su fita aiki ba, kai ma ka san yadda za ka tsara sayayyarka. In kuwa wanda kuke hulɗa da shi ne aka yi wa rashi, ka je ka yi ta'aziyya, ka ba da gudummawarka a rubuta, ka ɗan zauna ka tashi. Ba a manta wanda ya zo.

Jin labari abu ɗaya ne, tace shi kuma wani abu ne, kuma a nan na fi so ka natsu. Akwai maganganun da a bakin teku suke da kaifi. Ta farko ita ce ta firimis, man nan mai launin shuɗi da gwamnati ke sayar wa masunta da rangwame ta hannun kwamitin kowace gaɓa. Sanin ranar da tanka ta iso yana da amfani, domin bayan kwana ɗaya ko biyu za ka ga kifi, in kuma man ya yanke jirage za su yi ta zama a ɗaure. Amma zancen wa ya karkatar da mai, wa ya ci kuɗin kwamiti, wannan ba naka ba ne. Siyasa ce tsagwaronta. A watan Mayun 2022 wasu mutane sun kutsa cikin gidan rediyon Benya FM suka yi duka suka farfasa kaya ana cikin shiri kan harkar masunta. Ka ji da kunnenka, ka bar shi a nan. Abin da za ka ɗauka ka kai zango shi ne gargaɗi ga masu tsire da masu shayi da masu suyar ƙosai: ranar da ake rabon mai, kada a hura wuta kusa da wurin. A 2024 man ya kama da wuta a Ngyiresia kusa da Sekondi, an rasa rayuka, wasu da dama sun ƙone.

Ta biyu ita ce maganar jirgin da bai dawo ba. Da an kwana ɗaya za ka ji an fara kiran sunaye ana cewa sun nutse. Sau da yawa inji ne ya mutu, ruwa ya ja su, sai ga su sun ɓulla a wata gaɓa. Akwai uwa, akwai mata, akwai 'ya'ya da ke tsaye a bakin ruwa suna jira. Kada sunan kowa ya fita daga bakinka ko wayarka a matsayin mamaci sai sarkin masunta ko dangi sun faɗa.

Ta uku ita ce garaɓasa. A watan Afrilun 2021 teku ta watso matattun kifi a gaɓar Osu a Akra, ta kuma turo gomman dabbobin ruwan nan da ake kira dolfin a yankin Axim. Kafin jami'ai su iso mutane sun kwashi da yawa, wasu har sun shiga banda, sai da hukumar kula da abinci da magunguna ta fito tana gargaɗi tana bin sawu. Kai mai sari, irin wannan rana ce za a kawo maka kaya a rabin kuɗi. Wani zai ce maka ai mushen teku halal ne. Halaccin ci daban, lafiyar abin da za a ci daban, kuma addinin da ya halatta shi ne ya hana ka cutar da kanka ko ka cutar da wani. Kifin da ba ka san jirgin da ya kamo shi ba, ko matar da ta banda shi, ka bar shi ko da kyauta ne. Kwando ɗaya ya isa ya ɓata sunan da ka shekara biyar kana ginawa a kasuwar Tamale ko Bawku.

Ruwa kuma yakan shigo gari. A farkon Nuwamban 2021 teku ta haura cikin dare a yankin Keta da Anloga da Ketu ta Kudu, dubban mutane suka wayi gari ba matsuguni, ƙauyen Fuveme kuwa teku ta riga ta cinye shi a hankali. Kafin ka kama ɗaki ko ma'ajiyar kaya kusa da ruwa, ka dubi gindin bango ko akwai layin gishiri da tsatsa, ka tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin inda ruwa ya taɓa kaiwa. Mai gida ba zai gaya maka ba, ita za ta gaya maka. Takardunka su zauna cikin leda a sama, kwandunan banda a kan benci. In hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗin iska, kuma ya zo daidai da tsayuwar wata ko tsakiyarsa, ka kwana da shiri. Lambar gaggawa 112 ce, hukumar agaji kuma NADMO. Haka in ka ji an ce amai da gudawa ya ɓulla a garin maƙwabta, kada ka jira ya iso. Kwalarar da ta fara a yankin Ada a Oktoban 2024 gaɓa ta bi har jihar Tsakiya da ta Yamma. A tafasa ruwa, a tanadi gishirin ORS, wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa a kai shi asibiti a ranar.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne yawon salla. Duk shekara samarinmu da 'yan matanmu sukan yi ɗango zuwa bakin teku, da yawansu ko a kududdufi ba su taɓa iyo ba. Teku na da wata hanya da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, kuma a ido wurin ne ya fi kama da kwanciyar hankali, don raƙuman ruwa ba su fashewa a nan. 'Yan gari sun san wuraren. A tambaye su kafin salla, liman ya faɗa a huɗuba. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi ya nufo tudu kai tsaye, ya bi gefe har ya fita daga jan, ya ɗaga hannu a gan shi.

Duk wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka ka kai shawara gaban Sarkin Zango. A sami saurayi ko biyu haifaffun garin, masu jin Fanti kamar Hausa, a ɗora musu zuwa wurin sarkin masunta da asambuliman duk Talata. Ran Juma'a bayan an sallame a ba su minti biyu su faɗi abin da ke tafe. A kai wa malamar islamiyya ita ma ta faɗa wa mata, don su ne ke zuwa kasuwa, su ne kuma ake mantawa da su a sanarwa. In za a tura saƙon murya ta WhatsApp, a fara da wanda ya faɗi maganar da ranar da ya faɗa, abin da ba shi da mai shi kada a tura.

Mu ma kuma muna da labarin da gari ke da haƙƙin ji. Ranar idi da hanyar da za a tare, daren maulidi, wa'azin da zai kai tsakar dare da lasifika, duk a kai sanarwarsu fada da wurin asambuliman mako guda kafin lokaci. Dattawa biyu su je. In sun shiga su fara gaisuwa daga hannun dama su zagaya zuwa hagu, kada su miƙa komai da hagu, kuma su yi magana ta bakin okyeame, kakakin sarki, ko da sarkin na zaune yana jin su. Al'adar fada kwalbar giya ake kaiwa. An san Musulmi ba ya ɗaukarta, don haka su gaya wa kakakin tun a waje, su riƙe goro da ɗan abin da ya sawwaƙa a ambulan.